Azara da Katakon Tsofaffin Gine-ginenmu na Fagge da Sabon Gari

Tunda bikin zagayowar shekara lokaci ne na waiwaye, na ga ya dace mu ɗaga kai mu dubi wata dukiya da muka taso a ƙarƙashinta, wato itacen rufin tsofaffin gidajenmu. Kowa na ganin yadda ake rushe gidajen ƙasa da tsofaffin sito a Fagge da Sabon Gari ana gina benaye da shaguna. To ina itacen yake tafiya, kuma aljihun wa kuɗinsa yake shiga?

Fagge ta girmi jirgin ƙasa nesa ba kusa ba. Zango ce a bayan ganuwa, inda Buzaye da fatake ke sauka da raƙumansu ɗauke da gishiri da kanwa kafin su shiga Kurmi. Da mutane suka zauna dindindin sai suka yi gini irin na cikin birni: tubali da yaɓe, rufi kuma na azara. Azara dai kututturen giginya ce ake tsagawa gida-gida. Gara ba ta cinta da sauƙi, kuma tana daɗewa ba ta ruɓe ba. Aibinta ɗaya, idan faɗin ɗaki ya kai kusan mita 2 sai ta fara lanƙwasa saboda nauyin ƙasa. Wannan ne ya sa magina suka ƙware wajen jera ta a kusurwa, wata kan wata, da ɗaure ta su yi baka, har aka samu manyan soraye irin waɗanda ake gani a Gidan Makama.

Giginya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma daga nesa ake kawo ta. Don haka mutanen da ba sa wasa da azara. Idan damina ta kayar da ɗaki, abu na farko shi ne a zare azarar a jingine. Ƙasar bangon a sake kwaɓa ta, ko a kai ta gona. Sau da yawa azarar da ke ɗakin amarya ta taɓa rufe ɗakin kakar mijinta.

Sai zamani ya juya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga sufuri a 1912, aka kuma yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Niger Company, wanda daga baya ya shiga cikin UAC a 1929, suka kafa kantuna da sito kusa da tasha. Kwarori suka zauna a Fagge ta Kudu, inda sunan Kantin Kwari ya samo asali. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da fata zuwa Legas shi ne ke dawowa da kwanon rufi da siminti da ƙusa daga Ingila, da katako mai ƙwari daga dazukan Kudu. Da waɗannan aka rufe ɗakunan ajiya da gidajen haya na Sabon Gari. A wannan zamanin ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi suna a cinikin gyaɗa, dalar gyaɗa kuma ta zama abin da duniya ta san Kano da shi.

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, sannan gwamnati ta soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Sito da yawa suka koma ajiyar wasu kaya, wasu aka raba su shago-shago, wasu aka kwance su. Itacen bai salwanta ba. Tsohon katako ya riga ya bushe, ba ya murɗewa kamar ɗanye, shi ya sa kafintoci ke sonsa wajen yin ƙyaure da benci da teburin mai shago. Har gobe wanda ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa zai ga tsofaffin ƙofofi da tagogi da kwano ana ciniki, sabon katako kuma sai 'Yan Katako ta Rijiyar Lemo ko Na'ibawa.

Kwance gini sana'a ce mai ƙa'ida, kuma daga sama ake farawa. In rufin kwano ne, a zare ƙusa a sauke kwanon falle-falle, sannan a kwance katakon a cire masa ƙusoshi, don ƙusa ɗaya na iya lalata zarton kafinta. In rufin soro ne, a kankare ƙasar sama, a yaye zana ko asabarin da aka shimfiɗa, sannan a ɗaga azara ɗaya bayan ɗaya. Mai saye kan ƙwanƙwasa itace ya saurari ƙararsa, ya kuma duba bakin da ya shige bango, domin ta nan laima ke fara ci. Daga nan a ware mai kyau da matsakaici da na hura wuta, kowanne da farashinsa. Amma in katafila ta riga ku, komai ya zama ɓaraguzai, sai 'yan jari-bola su tsinci abin da ya saura.

A nan ne maganar ta shafe mu. Na ga haka da idona lokacin da aka zo rabon gadon gidan kakanmu. Magada sun yi yawa, gida bai rabuwa, sai aka yanke a sayar. Wani dillali ya ce ai mai saye fili yake so, tsohon ginin wahala ce kawai, shi zai taimaka ya kwashe. Maza sun kusa amincewa, sai Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, ta ce daga bayan labule: "A'a, Malam, dakata. Azarar zauren nan a gabana Baba ya saye ta, kuma na san adadinta." Ta sa yara suka ƙirga ɗaki-ɗaki, aka rubuta azara da kwano da ƙyaure, aka kira masu saye biyu suka taya. Kuɗin ya shiga cikin gado aka raba yadda shari'a ta tsara. Da kason mahaifiyata aka cika kuɗin keken ɗinkin da ya yi mana makaranta.

Kun ga, da Gwaggo ta yi shiru, da ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Itacen rufi yana cikin dukiyar mamaci kamar yadda filin yake. Matar mamaci tana da tumuninta a ciki idan akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da kasonta, maraya ma haka. Mu mata mun fi kowa sanin gida: mun san ɗakin da ke yoyo, mun san wanda aka sake wa rufi da shekarar da aka yi. Saboda haka idan maganar sayar da tsohon gida ta taso, a tambaya tun kafin a sa hannu: da ginin aka sayar ko fili kaɗai? A ƙirga, a rubuta, a sa shaidu, a ji tayin mutum fiye da ɗaya. A kuma nemi waɗanda suka iya aikin, a janye yara daga wurin, don tsohon bango ba ya sallama kafin ya faɗi.

Kafin a taɓa komai kuma, don Allah a ɗauki hoto da waya a ajiye wa jikoki, su ga irin rufin da kakanninsu suka kwana a ƙarƙashinsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bar mana, Ya maimaita mana wannan rana cikin lafiya.