Yadda Aka Koyi Kashe Ƙara da Ƙara

A shekarar 1936, Amurka ta yi wa Bajamushe Paul Lueg rajistar wata dabara: idan sauti ya haɗu da kishiyarsa, sai su kashe juna. Kayan lantarkin zamanin suka gaza aiwatar da ita.

A 1978, ƙugin injin jirgin sama ya hana Amar Bose, malami a jami'ar MIT, jin kiɗan da yake saurare a hanyarsa ta komawa Boston. Kamfaninsa ya duƙufa bincike. A 1986, matuƙan jirgin Voyager, da suka zagaya duniya cikin kwana tara ba tare da ƙara mai ba, suka sanya samfurin gwaji. Na matuƙa ya shiga kasuwa a 1989, na fasinjoji a 2000.

Wannan asali ne ma'aunin darajar hedifon mara waya na yau. Yana danne ƙara mai ɗorewa, irin ta jirgi ko janareto, amma muryar mutum, mai hawa da sauka, takan kuɓuce masa. Wanda ƙugin inji ya addaba, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Wanda surutun ofis ya dama kuwa, sai ya gwada kafin ya biya.