Middlesbrough: Garin da Ƙarfe Ya Haifa

Duk wanda ya taɓa haye tsohuwar gadar Farin Nilu daga Khartum zuwa Omdurman, to ya taka aikin wani gari na Ingila, ko da bai sani ba. Kamfanin Dorman Long na Middlesbrough ne ya gina ta tsakanin 1924 da 1926. Matasanmu sun fi sanin sunan garin ta wajen ƙwallon ƙafa, alhali tarihinsa ya fi ƙwallon abin mamaki.

A ƙidayar 1801 mutum 25 kacal ke zaune a wurin. Gona ce kawai a bakin fadama, kusa da inda Kogin Tees ke faɗawa teku. Kwal ne ya fara tashinsa. Jiragen ruwa na shan wahalar hawa kogin zuwa garin Stockton saboda rashin zurfi da yawan lanƙwasa, sai attajiri Joseph Pease da abokansa suka sayi filin a 1829, aka ja masa layin dogo a 1830, aka kafa tashar lodin kwal.

Amma arzikin gaske yana kwance ne a duwatsun Eston, inda John Vaughan da John Marley suka gano tama a 1850. Ga kwal kusa a yankin Durham, ga tama a bayan gari, ga teku a ƙofar gida. Nan da nan masana'antun narka ƙarfe suka jeru a gaɓar kogin, leburori suka yi ta kwararowa daga Ayalan da Wales da ƙauyukan Ingila. Kafin ƙarni ya cika, mutanen garin sun haura 90,000 a 1901. A ganina ba don jin daɗin mazauna aka gina shi ba, don aiki aka gina shi: gidaje a cunkushe, sama kullum a turnuƙe. Har yau ana tsokanar mutanensa da laƙabin 'yan hayaƙi.

Yadda ƙarfen ya zo a guje, a hankali ya janye. An rufe mahaƙar Eston a 1949, ƙarfe mai arha daga ƙetare kuma ya ci kasuwa. A 2015 aka kashe wutar babbar masana'antar Redcar da ke bakin kogin, dubban magidanta suka rasa abin yi. A 2022 aka sa nakiya aka rushe katafaren murhunta, jama'a na tsaye daga nesa suna kallo. Gadar Sidni ta Ostireliya, wadda Dorman Long ya kammala a 1932, tana nan tana ɗaukar motoci da jiragen ƙasa.