Kitsen Shikago a Gaban Alƙalin Landan

A tsakanin Oktoba da Nuwamba na 1914, wata uku da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen ruwa huɗu suka tashi daga Niyok suka nufi Kofenhagen, babban birnin Danmak. Uku na Nowe ne, Kim da Alfred Nobel da Björnstjerne Björnson, ɗaya kuma na Suwidin, Fridland. A cikinsu akwai nama da hatsi da roba, sai kitsen alade jibgi guda, akasari mallakar manyan kamfanonin nama na Shikago irin su Armour da Swift. Mai kaya ɗan ba-ruwanmu, mai jirgi ɗan ba-ruwanmu, inda za a sauke ma ƙasar 'yan ba-ruwanmu. Duk da haka babu ko ɗaya da ya isa. Sojan ruwan Ingila suka tare su ɗaya bayan ɗaya, suka kora su tashoshinsu.

A dokar yaƙin teku, wanda ya kama jirgi ba ya zama mai shi nan take. Dole ya kai shi gaban kotun ganima ta ƙasarsa, alƙali ya duba takardu, ya ce kamun ya halatta ko a mayar wa mai shi. Ta Landan rabonta da zama tun Yaƙin Kirimiya, shekara sittin ke nan, sai a Satumban 1914 ta sake buɗewa a hannun Sir Samuel Evans. Abinci kuwa ba kamar harsashi ba ne. Ba a ƙwace shi sai an nuna cewa ga gwamnati ko sojojin abokan gaba za shi.

To, ta yaya za a nuna haka? Takardun lodi duk sun ce Kofenhagen. Da yawansu ma ba su ambaci mai saye ba, sun dai ce a miƙa kayan ga wanda mai turowa ya umarta. Lauyoyin kamfanonin suka tsaya a kan haka: mu Danmak muka kai, abin da ya faru bayan nan ba ruwanmu.

Lauyoyin gwamnati sai suka zo da lissafi. Daga 1911 zuwa 1913, kitsen aladen da Danmak take shigowa da shi daga duk duniya bai wuce kimanin tan 660 a shekara ba. Waɗannan jirage huɗu kaɗai, cikin ƙasa da wata guda, sun ɗauko kusan tan 8,700. Ninki goma sha uku ke nan. Ga shi kuma Danmak ƙasar kiwon alade ce, ita ke sayar wa Ingila nama da man shanu. Daga Kofenhagen zuwa tashoshin Jamus kuwa tafiya ce 'yar kaɗan.

Nan ne shari'ar ta kama ni. Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma duk wanda ya taɓa gina tsarin gano zamba ya san wannan dabara: ka san abin da aka saba gani, idan wani adadi ya yi tsalle ya fita layi, ka ɗaga masa tuta. Amma mun kuma san iyakarta. Lissafi zai gaya maka cewa yawancin kitsen nan Jamus za shi, ba zai gaya maka ko wannan gangar, ta wannan ɗan kasuwar, tana cikinsu ba. Ita kuwa kotu kayan mutum ɗaya-ɗaya take ƙwacewa. Evans bai jingina da adadin kaɗai ba. Ya haɗa da wasiƙu da saƙonnin tangarahu da aka tare tsakanin kamfanonin da wakilansu a Turai, da robar da aka rubuta ta da sunan ƙaro a takarda, da kuma ƙin da masu kayan suka yi na kawo littattafansu. Ranar 16 ga Satumba 1915 ya ƙwace mafi yawan kayan, ya saki na wasu 'yan kasuwar Danmak da suka nuna da gaske don kasuwar gida suka saya. A ganina rabin hukuncin nan shari'a ce, rabi ƙiyasi, musamman inda ya ɗauka cewa abincin da ya shiga Jamus, ƙasar da miliyoyin mazanta ke sanye da kaki, ga soja zai ƙare. Da wannan ma'auni, wane buhun alkama ne zai tsira?

Gwamnatin Amurka ta yi ƙorafi, sai dai bakinta ya yi nauyi, domin igiyar da aka ɗaure 'yan kasuwarta da ita, ita ta tufka ta. A 1863, lokacin yaƙin basasarta, sojan ruwan Arewa suka kama jirgin Ingila mai suna Springbok a hanyarsa daga Landan zuwa Nassau, garin da ke hannun Ingila a lokacin. Kotun Ƙolin Amurka ta saki jirgin amma ta ƙwace kayan, ta ce Nassau zango ne kurum, daga can za a sake loda su zuwa jihohin Kudu, kuma zango ba ya yanke tafiya. A lokacin 'yan kasuwar Landan da masana dokar Turai sun yi ta kumfar baki. Gwamnatin Ingila kuwa ba ta ja da ƙarfi ba. Mai manyan jiragen yaƙi ya san wata rana shi zai buƙaci wannan hujja. Bayan shekara hamsin Evans ya ɗauko ta, ya ƙara mata tsawo: ko da ragowar tafiyar ta jirgin ƙasa ce, kuma ko da kayan abinci ne, tafiya ɗaya ce.

Kada a ɗauka kotun 'yar amshin shatan gwamnati ce kawai. A Afrilun 1916, a shari'ar Zamora, jirgin Suwidin da aka kama da tagulla kimanin tan 400, alƙalan ɗaukaka ƙara na Majalisar Sarki, ta bakin Lord Parker, suka ce kotun ganima dokar ƙasa da ƙasa take bi, umarnin gwamnati ba zai tilasta mata saɓa wa wannan doka ba. Dokar da majalisar dokoki ta zartar ce kaɗai za ta iya ɗaure mata hannu.

Su kuwa kamfanonin Shikago, ba a kotu rigimarsu ta ƙare ba. A 1916 suka sasanta da gwamnatin Ingila, aka biya su kuɗi, su kuma suka yarda ta sa ido kan abin da suke turawa ƙasashen 'yan ba-ruwanmu. Lissafin da aka gwada a shari'ar Kim shi ya koma tsarin aiki: aka kafa Ma'aikatar Takunkumi a hannun Lord Robert Cecil, aka riƙa yanka wa Danmak da maƙwabtanta kason kaya gwargwadon abin da suke shigowa da shi kafin yaƙi. Daga Maris na wannan shekara, ɗan kasuwar Amurka da ke son kayansa su wuce lafiya sai ya fara neman takardar izini daga ofishin jakadancin Ingila a Washintan, tun kafin a ɗora ganga ɗaya a jirgi.