Wa ya gina bangon duniya?

Yaran Zango a Buokrom ta Kumasi, kamar na Kano da Maraɗi, da labari ɗaya suka tashi: ƙasa a shimfiɗe take, in ka miƙe ba tsayawa sai ka ci karo da bangon duniya. Wasu su ce Dutsen Ƙaf ne ya kewaye ta, masu gardama su ce ai ba ta da iyaka sam. A ƙarƙashi kuwa wai wani ƙaton sa ne ya ɗauke ta bisa ƙaho, ranar da ya gaji ya sauya ƙaho sai ƙasa ta girgiza.

Ba kakanninmu suka ƙaga labarin ba. In ka bi sawunsa, littattafan ƙissoshi na Larabci zai kai ka. Alƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya kawo dutsen da san, har da wani kifi da ke ƙarƙashinsu, cikin Aja'ibul Makhluƙat. Ga dukkan alamu malaman da ke bin ayarin fataken goro ta Salaga su suka iso da shi ƙasar Asante, ya fito daga zaure ya shiga bakin tsofaffi. Amma fa Ibn Kasir, a tafsirin Suratu Ƙaf, cewa ya yi zancen dutsen nan tatsuniyar Bani Isra'ila ce.

Abin takaici, sai tatsuniyar ta riga lissafin zuwa. Tun wajen 830 Halifa Ma'amun ya tura masana taurari filin Sinjar suka auna kewayen duniya, Ibn Hazm na Andalus ma ya rubuta cewa a dunƙule take.

Hujjar kuwa tana cikin ɗaki duk watan azumi. Wajen la'asar a Buokrom, rana tsaka da zafinta, ga talabijin na nuna mutanen Makka sun kai dabino baki. Ɗan'uwa a Kano shi ma yakan riga na Kumasi shan ruwa da abin da ya kai rabin sa'a ko fiye. Da a ce ƙasa faifai ce, ranar da ta nutse ƙarƙashin bakinta ta faɗi wa kowa lokaci ɗaya, a yi buɗa-baki tare daga Makka har Kumasi.

In yaro ya sake tambayar ku ina ƙarshen duniya, iyaye, ku bari sai azumi, ku kunna masa tashar Makka da la'asar, ku ce ya leƙa waje ya faɗa muku abin da ya gani.