Hasumiyar Jamestown: Fitilar da jirage suka bar wa masu zane

Duk wanda ya bi babban titin da ya ratsa tsohon garin Accra, babban birnin ƙasar Ghana, zai hangi wata doguwar hasumiya mai launin ja da fari a tsaye bakin teku, daura da tsohon kurkukun James Fort.

Wannan ita ce hasumiyar Jamestown, wadda Turawan mulkin mallaka na Ingila suka gina domin haska wa jiragen ruwa hanya da dare.

Manyan jiragen da aka gina ta dominsu sun daina sauke kaya a wurin tun shekarar 1962. Sai dai ba ta rasa masu ɗaga kai su dube ta ba, domin daga baya masu zane ne suka mayar da ita tambarin unguwar, kuma a cikinsu har da matasan da suka tashi a zangunan Accra, inda Hausa ce harshen yau da kullum.

Aikin hasumiya a bakin teku

Masunci a kogin Haɗeja ko a fadamun Nguru ba ya bukatar irin wannan gini, saboda bishiyoyi da gaɓar kogi sun ishe shi gane hanya. Matuƙin jirgin da ya doso gaɓar teku cikin dare kuwa ba ya ganin komai sai duhu, ga kuma duwatsu da tarin yashi a ɓoye ƙarƙashin ruwa.

Dalilin ke nan da ya sa ake gina hasumiya a ɗora mata fitila mai ƙarfi. Kowace hasumiya tana da irin yadda fitilarta ke ƙyaftawa, ta yadda matuƙi zai ƙirga, ya duba littafinsa, ya san garin da yake fuskanta. Fentin da ke jikin ginin shi ne ke yin wannan aiki da rana.

Larabawa na kiran irin wannan gini manara, wato wurin haske, kuma da wannan kalma ce suke kiran hasumiyar masallaci. Wadda ta fi shahara a tarihi ita ce ta Iskandariyya a Masar, wadda girgizar ƙasa ta yi wa mummunar illa a 1303 da 1323. Ibn Battuta ya ziyarce ta a 1326, da ya sake komawa a 1349 ya tarar ta lalace har ba a iya shiga cikinta.

Ta Jamestown ba ta kai wannan girma ba. An gina ta farko a 1871, sannan a shekarun 1930 aka maye gurbinta da wadda ke tsaye a yanzu. Tsayinta mita 28 ne, wato kusan ninki biyu na hasumiyar Gobarau ta Katsina, kuma an tsara haskenta ya kai nisan kimanin kilomita 30 cikin teku. A gindinta akwai gidan mai kula da fitila.

Tashar da ba ta da matsaya

Unguwar ta girmi hasumiyar da shekaru kusan ɗari biyu. Ta samo sunanta ne daga sansanin James Fort, wanda kamfanin Ingila mai cinikin bayi, Royal African Company, ya gina a 1673. Al'ummar Ga, waɗanda su ne 'yan ƙasa a Accra, suna kiran unguwar Ngleshie, wato ta Ingilishi. Kusa da ita akwai sansanin da 'yan Holan suka gina a 1649, wanda ya koma hannun Ingila a 1868 aka sa masa suna Ussher Fort.

Shekaru shida bayan kunna fitilar farko, wato a 1877, Turawa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast suka mayar Accra.

Matsalar ita ce Accra ba ta da wurin da babban jirgi zai raɓu da gaɓa. Jirage kan saki anga can cikin teku, sai ma'aikata su tuƙa manyan kwale-kwale da filafilai, su keta igiyar ruwa su je su ɗauko kaya. Koko da goro da za a fitar ma ta haka suke bi. Fasinja kuwa a cikin wata kujera ake zaunar da shi, a sauko da shi da igiya daga jirgi zuwa kwale-kwale. An gina katangar tare igiyar ruwa a farkon ƙarni na 20, amma yashi ya riƙa taruwa a bayanta yana cike wurin.

A irin wannan tasha, fitila ba ado ba ce. Ita ce ke nuna wa matuƙi inda zai tsaya ya jira gari ya waye.

Goro da fatake

A nan ne tarihin hasumiyar ya haɗu da na ƙasar Hausa.

Shekaru aru-aru fataken Kano da Katsina na bin hanyar ƙasa da jakuna zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga, domin sayen goron Asante, tafiyar da kan ci watanni. Bayan da Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai fatake da dama suka gangara kudu. Wasu suka zauna a Kumasi, wasu a Kete Krachi, wasu kuma suka zarce Accra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara.

Sun tarar da 'yan uwansu a can. Akwai tsofaffin dakarun Hausa da Kyaftin John Glover ya kawo daga Ikko domin yaƙin Asante, akwai kuma malamai irin su Malam Naino, wanda ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Har yanzu akwai kasuwar da ake kira Salaga a tsohon garin, tafiyar 'yan mintoci daga hasumiyar.

Daga nan sai goro ya koma bin teku. A loda shi a gaɓar Ghana, jirgi ya kai shi Ikko cikin 'yan kwanaki. Alhassan Dantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Accra, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya tun kafin ya koma cinikin gyaɗa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kana reshen Nguru da ya bi ta Malam Madori ya kammala a 1930, sai ya zamana goron da aka yi wa lodi a ƙarƙashin wannan fitila yana iya ƙarewa a faifan mai talla a kasuwar Haɗeja.

Buɗe tashar Takoradi mai zurfi a 1928 ya rage wa Accra ciniki. Buɗe ta Tema a 1962, zamanin Shugaba Kwame Nkrumah, shi ya ƙarasa ta. Nkrumah ya san unguwar sarai, domin a James Fort aka tsare shi daga 1950 zuwa 1951.

Kamfanoni suka kwashe, manyan ɗakunan ajiya suka zama kango, masu tuƙa kwale-kwalen kaya suka rasa aiki. Abin da ya rage wa Jamestown shi ne kamun kifi, sai kuma dambe, wanda unguwar Bukom da ke maƙwabtaka ta yi suna a kansa.

Zuwan masu zane

Ba a Ghana kaɗai hasumiyar teku ke jan hankalin masu zane ba. Georges Seurat na Faransa ya zana ta garin Honfleur a 1886, Edward Hopper na Amurka kuma ya zana ta Cape Elizabeth da ke jihar Maine a 1927 da 1929. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: gini ne guda tilo a miƙe, a daidai inda ƙasa da ruwa da sama suka haɗu, kuma launinsa na sauyawa da sauyawar rana.

Amma abin da ya faru a Jamestown ya sha bamban. Waɗancan Turawa sun zana hasumiya ne suka tafi da zanen gidajen adana kayan tarihi. A nan kuwa unguwar da ke kewaye da hasumiyar ce ta zama allon zanen.

Masu fentin kwale-kwale ne suka riga kowa. Duk wanda ya hau saman hasumiyar ya leƙa gaɓa zai ga jiragen masunta jere, kowanne da launukansa da tutocinsa da taken da aka rubuta a jikinsa, kamar dai yadda ake ƙawata manyan motoci a arewacin Najeriya. Masu ɗaukar hoto ma sun daɗe a wurin. J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagonsa na Deo Gratias a 1922, James Barnor kuma ya kafa nasa mai suna Ever Young a unguwar a shekarun 1950.

Babban sauyin ya zo ne a 2011, lokacin da ƙungiyar Accra dot Alt, ƙarƙashin Mantse Aryeequaye da Sionne Neely, ta fara shirya bikin zane a kan titi mai suna Chale Wote. A harshen Ga ma'anar sunan ita ce aboki mu tafi, kuma haka 'yan Ghana ke kiran takalmin silifa.

Bikin ya fara ne a matsayin taron yini guda, daga bisani ya zama na mako, ana yin sa a watan Agusta, lokacin da al'ummar Ga ke bikinsu na Homowo. A shekarun da aka yi shi a Jamestown, akan rufe babban titin, masu zane su bi bangayen tsofaffin gidaje da ɗakunan ajiya da buroshi da fentin feshi, jama'a na tsaye suna kallo. An kuma riƙa baje kolin ayyuka a Brazil House, gidan zuriyar Tabom, wato 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a shekarun 1830, waɗanda da yawansu Musulmi ne.

Serge Attukwei Clottey, wanda ke yanka jarkokin roba masu ruwan ɗorawa yana ɗinke su da waya, yana cikin waɗanda suka yi fice a bikin. Daga Nima, unguwar Musulmi mafi shahara a Accra, an samu Mohammed Awudu, wanda aka fi sani da Moh Awudu, mai zana manyan fuskoki a bango, da kuma ƙungiyar matasa mai suna Nima Muhinmanchi Art. Kalmar tsakiyar sunan Hausa ce, muhimmanci, sai dai an rubuta ta yadda bakin zango ke furta ta.

Ga wanda ya saba ganin zayyanar magina a fuskar gidajen Zariya da Kano da Damagaram, zane a bangon titi ba baƙon abu ba ne. Bambancin shi ne magini kan yi dagi da sauran siffofi marasa rai, yayin da matasan Nima ke zana mutanen unguwarsu.

A duk tsawon waɗannan shekaru hasumiyar ce mahaɗa. A gindinta ake cewa a haɗu, kuma da wuya a ga hoton bikin da ba ta leƙo a bayansa ba. Gaskiya dai yawancin zanenta da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido kwaikwayon juna ne. Ayyukan da suka fi ƙarfi su ne na bango, su kuma ba sa daɗewa, saboda iskar teku mai gishiri na cin fenti, abin da ya tsira kuma wani mai zanen ya shafe shi a shekara mai zuwa.

Sabuwar tasha

A watan Mayun 2020 hukumomin birnin Accra suka rushe rumfuna da gidajen da ke gaɓar da ke ƙasan hasumiyar, domin share fagen gina tashar kamun kifi ta zamani da tallafin gwamnatin China. Mutane da dama sun rasa matsuguni da wuraren sana'a. Shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe tashar a watan Satumban 2024.

Kafin nan, a 2023, masu shirya Chale Wote sun ɗauke bikin daga Jamestown zuwa unguwar Osu da ke gabas, bayan fiye da shekaru goma ana yin sa a inuwar hasumiyar.

James Fort, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1979 tare da sauran sansanonin gaɓar Ghana, ya daina aiki a matsayin kurkuku a 2008. Shi da hasumiyar titi ɗaya suke kallo, kuma masu yi wa baƙi jagora a unguwar kan haɗa su a zagaye guda.