Zambo: Ma'anarsa da Asalinsa

A yau, da zarar wani ya ci mutuncin wani a waƙa ko a Facebook, sai ka ji an ce ya yi masa zambo. A wurin magabata kuwa, zambo yana da ƙa'ida, yana da muhalli, kuma ba kowane zagi ne ya kai wannan matsayi ba.

Zambo shi ne a siffanta mutum da abin da zai muzanta shi, jama'a su yi masa dariya: a zuzuta muninsa, ko rowarsa, ko tsoronsa, ko a kamanta shi da kura ko biri. Ya bambanta da habaici, wanda ake sakaya magana a cikinsa, wanda ya tsargu da shi ake, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi zambo yakan zana kamannin mutum ƙarara, har kowa ya gane shi ko da ba a kama suna ba.

Game da asalin kalmar, hanya biyu ake bi. Ta farko tana danganta ta da zamba, wato cuta, kamar yadda muke cewa zamba cikin aminci, domin mai zambo yakan ƙara gishiri, ya ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Ta biyu tana kai ta ga Larabci, inda "zammu" ke nufin kushe, kishiyar "madahu", wato yabo. Harafin zalun na farkonta shi ne wanda Bahaushe ya mayar z a zikiri da zunubi da izini.

Inda zambo ya yi ƙarfi shi ne fada. A sarautar Hausa 'ya'yan sarki da yawa ne ke da haƙƙin neman gado, saboda haka kowane sarki yana zaune ne tsakanin 'yan uwan da suka nema tare da shi suka rasa. Aikin makaɗin fada biyu ne: ya ɗaukaka ubangidansa, ya kuma ƙasƙanta mahassadansa. Haka Ibrahim Narambaɗa ya yi a fadar Sarkin Gobir na Isa, haka Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, haka Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Sun guji kama suna saboda dalili: wanda aka yi wa zambo yau, gobe yana iya hawa karaga.

Da siyasar jam'iyyu ta zo, bayan kafa NEPU a 1950, sai zambo ya fito daga fada ya shiga dandali, mawaƙan NEPU da na NPC suna jifan juna. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya kai shi kunnen kowa da waƙarsa ta Gagarabadau, kaset da rediyo suka tsallaka da ita har zangunanmu.

'Yan uwa, idan yaranmu suka tambayi ma'anar zambo, mu faɗa musu cewa fasaha ce ta masu iya magana, wadda ke sa a yi dariya ba tare da ashar ba. Allah ya jiƙan magabata.