Daga Almakashi Zuwa Rariya: Abin da Sunayen Manhajojin Fim Ke Faɗa

A ƙarshen fim ɗin Hausa, idan sunaye suka fara hawa allo, bayan mai ba da umarni da mai ɗaukar hoto akan ga an rubuta "tace hoto". Sunan da masana'antar Kano ta raɗa wa aikin edita ke nan. Kalmar madafa ce: ana tace ƙullun kamu a rariya, a fitar da dusa. Ita ce kuma ke cikin sunan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta yadda mai gyara fim da mai duba abin da bai dace ba suka tashi da suna ɗaya. Kalmar tana da daɗi, amma rabin aikin kawai ta kama. Edita ba cirewa kaɗai yake yi ba, jerawa yake yi, shi ya sa na fi gamsuwa da masu cewa "haɗa hoto". Faransawa ma kalmarsu ta wannan sana'a, montaj, haɗawa take nufi.

Masu jin Ingilishi kuwa yanka suka gani, don a wajensu yankan na gaske ne. Fim a da dogon zare ne mai faɗin milimita 35, ana duba shi a na'ura irin Moviola, wadda ta fito a 1924, a datse shi, a manne da gam. Wannan ɗakin ya tafi, kalmominsa sun zauna. Alamar datse hoto a manhajar Premiere har yau hoton reza ce. Jakar da ake zuba hotuna a cikin manhaja ta gaji sunan kwandon nan mai shimfiɗar yadi da ake rataye guntayen fim a kansa. "Futej" da matasa ke faɗa kullum daga awon ƙafa ya fito: ƙafa ɗaya ta zaren hotuna 16 ce, minti ɗaya na cin ƙafa 90. Final Cut, manhajar da Apple ta fitar a 1999, yankan ƙarshe take nufi, wato ikon da darakta ke nema a rubuta masa cikin yarjejeniya cewa babu mai taɓa fim bayan hannunsa. Hatta CapCut na kamfanin ByteDance, da ake editin da shi a waya, harafin farko na sunansa na gida, Jianying, datsewa da almakashi yake nufi a Sinanci.

Amfanin bin diddigin sunayen shi ne, suna faɗin aikin da aka haifi kowace manhaja dominsa, kuma mai zaɓa ya fi buƙatar wannan a kan tallar kamfani. Premiere ta kamfanin Adobe, da ta fito a 1991, ta ɗauki sunan daren da ake fara haska fim. Aikinta jera hotuna da sauti a kan layin lokaci, daga farkon labari zuwa ƙarshensa. After Effects kuwa wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA ne ya fitar da ita a 1993, ta shiga hannun Adobe a 1994 ta hanyar sayen kamfanin Aldus. Sunanta ya faɗi matsayinta: abin da ake ɗorawa daga baya. Ba jerawa take yi ba, tarawa take yi, shimfiɗa kan shimfiɗa, a kan daƙiƙoƙi kaɗan. Wanda ya kwashi bidiyon biki na awa biyu ya zuba mata, ya sa kansa wahalar da ba ta da dalili, kuma ba laifin kwamfutarsa ba ne.

(Sunan Adobe ɗin kansa daga wani rafi ne a Kalifoniya da ya bi ta bayan gidan John Warnock, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin a 1982. Ma'anarsa bulon ƙasa da aka shanya a rana, ya shigo ta Sifaniyanci daga Larabci, aɗ-ɗub, tushen da masana ke danganta tubalinmu da shi.)

Sana'ar da ake yi da After Effects ita ce ta fi ba ni tausayi wajen suna. A Amurka John Whitney ya sa wa kamfaninsa Motion Graphics tun 1960, sunan ya bi sana'ar. A wajenmu "zane mai motsi" katun ya riga ya kama shi, alhali abin da ake nufi a nan shi ne rubutu da tambari da taswira da alƙaluma masu motsi, irin waɗanda ke buɗe labarai a talabijin. Rashin suna ba ƙaramar asara ba ce. Aikin da mai biya bai san sunansa ba, "ɗan kwalliya" yake kiransa, kuma kuɗin ɗan kwalliya yake bayarwa a kan aikin kwanaki.

Zuciyar wannan sana'a ita ce abin da ake kira kifirem. A tsofaffin ɗakunan zanen katun, babban mai zane ba ya zana kowane hoto. Yana zana muhimman wurare ne kawai, hannu a ƙasa, hannu a sama, sai mataimaka su cike tsakani. Yau manhaja ce mataimakin: ka ce mata a daƙiƙa ta ɗaya rubutu yana hagu, a ta uku yana tsakiya, ita ta lissafa sauran. Ina roƙon masu koyarwa kada su fassara shi da "mabuɗi", don ba ƙofa yake buɗewa ba. "Hoton jigo" ya fi kusa. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane motsi a After Effects da manhajoji irin su Blender da KineMaster gaba ɗaya, tun da dabarar ɗaya ce, maɓallai ne suka bambanta.

DaVinci Resolve daga gidan launi ta fito. Kamfanin da Vinci Systems, da aka kafa a Florida a 1984, na'urorin gyaran launi masu tsada yake ƙerawa, har Blackmagic Design na Ostareliya ya saye shi a 2009. Shafukan Fusion da Fairlight da ke cikinta sunayen kayan wasu kamfanoni ne da aka sayo a 2014 da 2016, ɗaya na haɗa dabarun hoto, ɗaya na sauti. Har yanzu a launi ta fi ƙarfi, kuma tana son kwamfuta mai katin hoto mai kyau. Mai ƙaramar kwamfuta ya riƙe kalmar furoksi, wato wakili: kwafi mara nauyi da ake aiki da shi, sai lokacin rendarin, wato fitar da kammalallen bidiyo, manhaja ta koma kan na asali.

Sai kalmar da ta fi ruɗa mutane: kyauta. Ta Blender kyauta ce ta gaske. A 2002 jama'a suka tara Yuro 100,000 aka fanso ta, aka buɗe tushenta ga kowa, kuma lasisinta bai yarda a sake rufe shi ba. Resolve tana da ta kyauta mai ƙarfi, da kuma Studio da ake saya sau ɗaya. CapCut kyauta ce mai ƙofofi a kulle, wasu dabarun sai an biya. Adobe kuwa tun 2013 ta daina sayar da sababbin fitowar Premiere da After Effects, haya take bayarwa wata-wata ko shekara-shekara. Wanda ake kira "kirak" a kasuwa ba ya cikin wannan jeri, fasasshen kaya ne, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa.

Bambancin haya da saye yana fitowa ne a fayil ɗin aiki. Babu bidiyo ko ɗaya a cikinsa, umarni ne kawai: ɗauko wancan hoto daga wancan wuri, datse nan, ɗora can. Idan haya ta ƙare, umarnin yana nan amma babu mai karanta shi. Idan kuma aka matsar da hotunan asali daga inda suke, manhaja za ta buɗe aikin ta ce ba ta gan su ba, sai an nuna mata sabon mazauninsu.